Ƙafar Talatu Ta Fi Tsawo da Yatsa Uku

Amalanken shanu ne ya kife da Talatu a hanyar kasuwar Attantané, aka yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Shekara biyu tana dogara sanda, tana suyar ƙosanta a zaune. Sai wani furoje, wato shirin agaji, ya zo garin Mayahi, aka yi shela za a ba masu dungu ƙafar roba.

Ba wanda ya zo ya auna ta. Muddassir, ma'aikacin furojen, shi ya iso bisa moto, wato babur, ya ɗauki hoton dungun da salula daga nesa, yana kau da kai. Bayan wata huɗu ƙafa ta iso cikin kwali.

Ƙafar namiji ce, ta fi tata tsawo da yatsa uku. Yatsun a manne suke, ko silifa ba ya shiga. Kwana biyar da sa ta, dungun ya saluɓe ya fara ruwa. Ta kira Muddassir, ya ce, "Inna, sai an saba. Kayan Turai ne fa."

Talatu ta jingine kayan Turai a bayan rumbu, ta koma ga sandarta.

Ranar kasuwa ta gamu da Amani, wani manomi da ciwon suga ya cinye wa ƙafa. Tasa ƙafar robar ta tsage a tafi tun satin farko, ya ɗaure ta da robar taya. Shi ma an ce masa sai an saba. Suka yi ta cigiya ƙauye ƙauye har garin Sarkin Hausa, suka tara mutum tara, kowa da irin tasa.

Da aka kira taron rufe furoje a Mayahi, aka aiko musu su zo sanye da ƙafafunsu, za a ɗauki hoto. Suka zo da sanduna, ƙafafun kuwa a cikin buhun gero guda. Aka zaunar da su can baya.

Shugaban furojen, Maikuɗi, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, ya miƙe cikin kwat da takalmi mai tudun dunduniya. Ya yi rabin awa yana Faransanci, sannan ya juyo da Hausa ya ce yau guragun Mayahi sun miƙe.

Talatu ta miƙe da sandarta. Amani ya ja buhun har gaban tebur ya zazzage.

Maikuɗi ya yi murmushi. "Baiwar Allah, ai abin sabo ne."

"To, Mushe, alfarma guda nake roƙo," in ji Talatu. "Cire takalminka ɗaya, ka taka daga nan zuwa ƙofa."

Ya yi dariya, ya duba ko wani zai taya shi. Wani dattijo daga cikin masu gari ya ce, "Yi mata, ɗana. Ba abu mai wuya ta tambaya ba."

Ya cire. Ya taka yana ɗingishi cikin safa, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Taku na shida ya tsaya.

"Ci gaba mana," ta ce. "Ni har rijiya kuka ce in je haka, da tulu a ka. Kai ko ƙofa ba ka kai ba. Za ka saba."

Mai ɗaukar hoto ya sauke na'urarsa. Talatu ta faɗi abin da ya kawo su: a turo mai awo ya taɓa dungun kowa da hannunsa, kuma a samu wurin gyara a Mayahi, ba sai an je Maradi ba. Maikuɗi ya rubuta, yana tsaye da takalmi ɗaya.

Bayan damina mai awon ya zo. Ya auna mutum huɗu, farar ƙasar da yake ɗaukar siffar dungu da ita ta ƙare, ya tafi. Talatu na cikin huɗun, sabuwar ƙafarta ta zauna daidai. Amani bai samu ba. Maganar wurin gyara kuwa, an ce tana biro, wato ofis, ana dubawa.

Ranar Litinin ta sa ƙafarta, ta hau moto zuwa Mayahi tare da Amani, su tambayi yaushe mai awon zai dawo.