Rabin leɓe

Tun kafin ta kwanta mai aikin cire gashin ta gaya mata ba a shiga ɗakin da yara. Hasken na'urar leza baƙin gashi yake bi har saiwa ya ƙone ta, in kuwa ya faɗa ido yana iya yi masa lahani. Dole ta bar 'Yar Baba, ɗiyarta mai shekara uku, wajen matar da ke karɓar baƙi, da biskit da wayarta. Ƙanwarta da ta yi alkawarin riƙe yarinyar ta kira da safe, wai aiki ya tsare ta.

Mai aikin ta murza makulli, ta rufe mata idanu da wasu 'yan marafai, duniya ta yi duhu. Ta shafa mata wani abu mai sanyi a haɓa, tana yi mata tsiya wai gemun nan nata ya kusa fin na maigidan kyau. Ta ce za ta riƙa jin kamar ana ɗalla mata roba, fatar za ta yi ja, gashin kuma sai nan gaba zai zube da kansa. Sai ta dawo sau da dama, kuma a tsakani aski kawai, ban da tsiga.

Haka aka yi ta ɗalla mata, ga ƙaurin gashi. Ita dai kunnenta na waje, inda waƙar yara ke tashi daga wayar.

Da aka zo leɓen sama, mai aikin ta ce ta tura harshe ƙarƙashinsa, kada ta yi magana, kada ta motsa. A daidai nan waƙar ta tsaya. Ta ji mai karɓar baƙi tana ta hira da wani a waya. Sai aka taɓa hannun ƙofar.

"Mama?"

Ba halin amsawa. Aka sake kira, muryar ta sauko ƙasa-ƙasa, sannan shiru. Da kuka yarinyar ta yi, da ta jure, don kuka na nuna inda yaro yake. Shirun 'Yar Baba kuwa ta san shi sarai.

Ta riƙe hannun mai aikin.

"Anti, saura ɓangare ɗaya fa."

"Kashe. Buɗe min ƙofa."

Ta tarar da yarinyar kwance rub da ciki, kuncinta a kan tayil, tana leƙen walƙiyar da ke fitowa ta ƙasan ƙofa. Ta ɗauke ta cak, ta juya fuskarta wajen taga, tana tambayarta ko idon na zafi, ko tana ganin Mama. Yarinyar ta ce tana gani, Mama ta shafa koko a baki.

Mai aikin ta duba idanun, ta ce da wuya ɗan abin da ya zurara ta nan ya yi illa, amma ta kai ta a duba don hankalinta ya kwanta. Ta ce za ta toshe ƙasan ƙofar da tawul, a ƙarasa yanzu, in ba haka ba ɓangare ɗaya zai zube ya bar ɗayan.

Uwar ta dubi gadon da marafan idon, ta dubi mai karɓar baƙi da har yanzu waya ke kunnenta. Ta goge bakinta da gefen mayafi, ta saɓa yarinyar a kafaɗa.

"Bar shi ya zube haka," ta ce. "Ina ne asibitin ido mafi kusa?"