Dilkar da Ba ta Maigida Ba

Shekara biyu ke nan da aka yi wa Asma'u tiyata aka cire mata nono ɗaya, kuma shekara biyun nan mijinta Zakari bai ga wurin ba. Ko wanka za ta shiga sai ta sa sakata. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa cewa uffan ba.

Sai ga Munawwara, 'yar ƙanwar babanta, ta iso Potiskum daga Legas da jakar kyamara. Hotunan matan da suka rayu bayan ciwon daji take ɗauka, daga wuya zuwa cibiya, babu riga, babu fuska.

"Yaya, wallahi ba wanda zai gane ki," in ji ta. "Wata can za ta gani ta daina ɓoyewa, ta tafi asibiti da wuri."

Asma'u ta ce a'a sau uku. A na huɗu ta ce to, ita kanta ba ta san daga ina kalmar ta fito ba. Aka sa ɗaukar hoton ranar kasuwar shanu, lokacin da Zakari ke can tsakanin dillalai. Ba ta gaya masa ba, abin kuma ya tsaya mata a rai kamar ƙayar kifi.

To, ga inda ta yi wauta. Macen Yobe ce fa, ina za ta yarda a ɗauke ta hoto jiki a bushe? Ta kira mai gyaran jiki daga unguwar Dogo Nini. Kwana uku ana murza ta da dilka, ana turara ta, aka zana mata lalle har gwiwar hannu. Munawwara ta ce ba sai an yi ba, amma wa ya saurare ta. Abin da Asma'u ta manta, ƙamshin dilka ba ya zama a ɗaki ɗaya, kuma a garin nan kowa ya san don wa matar aure ke yin ta.

Ranar, bayan azahar, tana zaune da zane ɗaure a ƙirji tana jiran Munawwara, sai ta ji sallamar Zakari. Ya bar kasuwa tana ci, abin da bai taɓa yi ba. Har aski ya tsaya ya yi. Ya ajiye ƙunshin balangu a kan tabarma, yana ta sosa ƙeya kamar sabon ango.

"Maman Ramlat," ya ce, "tun shekaranjiya nake jin ƙamshi, na yi shiru kada in ba ki kunya. Kullum addu'ata Allah ya kawo ranar da za ki daina gudu na. Na gode."

Kunya da nadama suka rufe ta. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Tana iya yin murmushi ta bar shi a haka, ta kuma san zai yarda. Amma bakinta ya ƙi ɓoye gaskiya.

"Malam, ba don kai na yi ba."

Ta gaya masa komai, kanta a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci haram ko abin da mutane za su ce ba, duk da ta shirya wa wannan amsa tun jiya. Ya daɗe yana kallon lallen hannunta. A ƙofar gida keke napep ya tsaya, Munawwara ta yi sallama.

"Ashe wurin yana nunuwa," in ji Zakari a hankali. "Ni ne dai ba za a nuna wa ba."