Teku a Ofishin Darakta

Malam Ila yana cikin barbaɗa wa kifaye abinci aka shigo da buhun gishirin. Leburori biyu suka dire shi a gindin tankin gilashin, suka karkaɗe hannu suka fita. Aka bar Ila yana kallon buhu, kifaye huɗu suna kallonsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana masinja a wannan ofis da ke Doka, cikin Kaduna. Tun ranar da Baturen ƙarshe ya tattara komatsansa ya bar tankin a ofishin Darakta, babu wanda ya san ci da shan kifayen nan sai shi. Shi ke sauya musu ruwa ran Juma'a. In an ɗauke wuta, ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya, shi ke ɗiban ruwan da kofi yana kwararawa har hannunsa ya yi sanyi. Akwai wata ja mai tumbi da yake kira Hajiya, wadda ta san inuwarsa. Teburin tankin ma da ya fara ɗingishi, Ila ne ya tokare ƙafarsa da wani tsohon fayil, kuma har yau ba a nemi fayil ɗin ba.

Daraktoci biyar sun zo sun wuce ba wanda ya ce wa kifi kanzil, sai da Allah ya kawo Alhaji Tijjani. Taron sati ɗaya ya je Legas, ya ga tankin ruwan teku a gidan Babban Sakatare, da kifaye shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa, ya dawo da magana ɗaya: ofis irin nasa ya wuce ruwan famfo. Aka rubuta wa Legas a turo kifin teku, amsa ba ta zo ba. Aka kafa kwamiti: Darakta shugaba, Ado mai kula da sito sakatare, sai Hasiya mai buga tafireta, wai ita mace ce, ta san gishiri. Zama biyu suka yi a kan ko manda za a sa ko farin gishiri. Farin ya yi rinjaye don ya fi kama da na zamani. Ga shi yau bayan azahar Babban Sakataren zai iso rangadi.

Darakta ya shigo yana gyara babbar riga. Ila ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan masunta ne, a bakin gulbin Zamfara aka haife ni. A garinmu kifi ba ya gamuwa da gishiri sai bayan ya mutu."

"Wancan kifin ƙauye ne," in ji Darakta. "Waɗannan na gwamnati ne. In aka yi wa ma'aikaci canji daga Kaduna zuwa Legas, mutuwa yake yi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Sabawa yake yi. Su ma su saba."

"Ko a ɗan kwashe su a bokiti tukuna?"

"In nuna wa Babban Sakatare ruwa zalla? Ka zuba, ka motsa, ka kawo mini a cokali ɗakin taro. Ni na san ɗanɗanon teku, ba labari aka ba ni ba."

Wannan kuwa gaskiya ne. Duk ofishin an san yadda igiyar ruwa ta kwashe masa ƙafa a bakin tekun Legas, ya haɗiyi abin da ya haɗiya, aka jawo shi babu hula. Don haka kwamiti ya amince harshensa ne ma'auni.

Da ya fita, Ila ya farke bakin buhun ya damƙo gishiri cikin tafin hannu. Wata bakwai ya rage masa ya yi ritaya, kuma bai taɓa ƙin bin umarni ba. Ya ɗaga hannu saman tankin. Sai ga Hajiya ta taso tana buɗe baki, ta ɗauka abinci ne. Tausayi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya mai da gishirin buhu.

Hasiya tana bakin ƙofa. "Baba Ila, me za ka yi?"

"Miƙo mini kofin shayin can, 'yata."

Ya tari ruwan famfo a kofi, ya zuba gishiri ya dama. Hasiya ta gane nan take. Ta ce kada a yi asara, ta cika kwanon abincinta da gishirin buhun, ta kira Ado ya cika nasa ba tare da ya tambayi komai ba. Sauran aka tura can ƙuryar sito, inda ba a taɓa neman abu an samu ba.

Ila ya kai cokalin farko ɗakin taro. Darakta ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Bai ji ba. A ƙara."

Na biyu ya ce an kusa. Na uku kuwa sai da ya ƙware, jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye ya zubo. Ya bugi tebur.

"Teku ke nan sak!"

Ya taso ya leƙa tankin, ya ga kifaye suna ta wasansu. "Ka gani ko, ɗan masunta? Har sun saba." Ya sa Hasiya ta buga a takarda cewa an kammala aikin cikin nasara.

Babban Sakatare ya iso da motoci uku. Dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawar magana. Bai ko zauna ba Darakta ya ja shi gaban tankin, ya shiga bayani: dabara ce ta cikin gida, ba a nemi Bature ba, ba a nemi injiniya ba.

Baƙon ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. Ni nawa daga tekun ake ɗebo musu ruwa a jarka, amma duk wata sai an tsinci gawa. Irin waɗannan masu juriya nake nema. Tijjani, a zuba mini su a bokiti. Gobe war haka suna cikin tankina."

"An gama, ranka ya daɗe. Ila, bokiti!"

Ila ya matso kusa da tankin. Ƙaryar da ya yi don ya cece su, ita ce za ta kai su teku na gaske. Ya dubi Hajiya, ya dubi cokalin da ke kan tebur. Ya ɗauka, ya tsoma shi cikin tankin a gaban kowa, ya miƙa wa Darakta da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, a ƙara ɗanɗanawa kafin su yi tafiya."

Darakta ya karɓa da murmushi, ya kurɓa. Ruwan famfon Kaduna ne, salam, sai ɗan ƙarnin kifi. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya dubi Ila. Ila yana kallon ƙasa, amma ya san abin da ke yawo a kan maigidan: gobe a Legas, kifi huɗu sun juya ciki sama a gaban Babban Sakatare, ga sunan Tijjani a bakin kowa.

"Yaya?" in ji baƙon.

"Daidai," in ji Darakta, ya haɗiye da ƙyar. "Sai dai wani hanzari, ranka ya daɗe. Kifayen nan kayan gwamnati ne. Ba za su fita ba sai an buɗe fayil, kwamiti ya zauna."

Babban Sakatare ya gyaɗa kai a hankali. "Ka burge ni. Da haka kowa yake bin ƙa'ida, da ƙasar nan ta gyaru. A buɗe fayil ɗin, ina jira."

Kafin baƙin su wuce filin jirgi, Darakta ya dawo shi kaɗai, fuska a murtuke. Ya dangwara wa Ila abu biyu: sabon fayil na kifi da zai kai sashen mulki, da takardar tuhuma da zai amsa kafin gobe, ya bayyana dalilin da zai hana a kore shi.

Motoci suka tashi, ofis ya yi tsit. Ila bai iya karatun boko ba, amma ya san takardar da ke cin mutum in ya gan ta. Ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya zura ta cikin fayil ɗin. Ya dafa teburin tankin, ya ji har yanzu yana ɗan ɗingishi ta ƙafar baya.

Ya durƙusa ya gyara masa zama da sabon fayil ɗin, ya tashi ya ɗauko gwangwanin abincin kifi.