Takalmin Tamu

Duk Kimba ba wanda bai san takalmin Tamu ba. Na tayar mota ne, shekara goma sha ɗaya yana jan sa, har dugadugin dama ya cinye ta gefe guda. In ka hango mutum a karkace yana nufar fadama, ba sai ka tambaya ba. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na sha faɗa masa gaskiya, amma Tamu irin mutanen nan ne da in ka ce musu ga rijiya sai sun leƙa da ƙafa.

Da ruwa ya ɗauke bana, bayansa ya riƙe. Ruku'u ma sai ya dafa bango. Ga dashen albasa ya matso, kuma wanda ba ya iya duƙawa ba shi da abin yi a fadama. Ƙanensa Haliru ya zo da kyakkyawar niyya ya ce zai dasa masa gonar bana. Nan take Tamu ya gano bakin zaren a nasa tunanin: Haliru ne ya yi masa jifa don ya gaje gonar tun yana raye. Ya daina amsa gaisuwarsa. Abin ya yi mini ciwo, don na san yaron ba shi da mugun nufi.

Matarsa Azumi ta matsa, muka kai shi Aliero wurin wani tsohon mai ɗori, Malam Alu. Tsohon ya lalube bayan daga wuya har ƙugu, sannan ya sa aka shigo da takalman da muka tuɓe a ƙofa. Ya ajiye na Tamu a ƙasa. Ɗayan ya jingina gefe kamar jakin da aka yi wa lodi ɓangare guda.

"Ba abin da ya karye gare ka," in ji shi. "Takalmin ga ne ya karye, ni kuwa ba ni ɗorin takalmi."

Tamu ya fito yana huci. Duk hanya yana cewa tsohon ya rikice, ina ruwan ƙafa da baya.

Ran Juma'a muka je masallaci a Jega. Da aka sallame, Tamu ya fito bai ga takalminsa ba. A gurbinsa an bar wani sabo, mai kauri da taushin ciki, daidai ƙafarsa. Ya jira har masallaci ya watse, ba wanda ya zo nema. Rana ta gasa ƙasa, dole ya saka. Ya yi ta tsine wa ɓarawon, ni kuwa ina mamakin ɓarawon da ke barin canji.

Tamu mutum ne mai tsoron haƙƙi, wannan ba a ƙwace masa ba. Juma'a uku yana komawa cigiyar mai takalmi, yana taka takalmin a hankali don kada ya lalata kayan mutane. A ta ukun na ga ya yi ruku'u bai nemi bango ba. Na yi masa magana, ya ce rubutun da ya sha ne ya karya jifan.

Ranar dashe ya sauka fadama da sassafe, a miƙe, ina biye da kwandon iri. Sai muka hango wani a gonar yana jan ruwa cikin kwamai, wato fangalan dashe, yana tafiya a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Tafiyar Tamu ce sak. Da muka matsa, Haliru ne, ga tsohon takalmin taya a ƙafarsa.

Tamu ya tsaya ya dubi ƙafarsa, ya dubi ta ƙanensa. Ya tambaye shi me ya kai shi saka wannan masifa.

"Yaya, takalmi ƙwaya ɗaya gare ni, shi na bar maka a masallaci," in ji Haliru. "Kuma na san in na ba ka hannu da hannu ba ka amsa."

Ban taɓa ganin kunya ta kama dattijo haka ba. Tamu ya duƙa, duƙawar da wata biyu bai iya ba, ya cire tsohon takalmin daga ƙafar ƙanensa da hannunsa.