Ƙuri'ar Asahel Bascom

Mijina Asahel Bascom bai nemi wakilcin nan ba. Na fara da wannan ne domin daga baya an yi ta faɗa a garinmu Pelbrook cewa tun farko da wata manufa ya tafi Boston. Shi dai mai gidan niƙa ne a bakin rafi, mutum mai nauyin baki, wanda in ya ce niƙanka zai fito ranar Laraba, to ranar Laraba za ka zo ka ɗauka. Wannan halin nasa ne ya sa aka zaɓe shi.

A ƙarshen shekarar 1787 aka aiko wa garuruwan jiharmu Massachusetts sabon tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia, aka ce kowane gari ya tura wakili Boston, babban birnin jihar, a yanke ko a karɓa ko a ƙi. A lokacin ran mutanenmu a ɓace yake. Shekara guda ke nan da manoman yankinmu suka ɗauki bindiga saboda haraji da kotunan da ke ƙwace gonaki, sojojin gwamnati kuma suka tarwatsa su. Yayana Jotham yana cikinsu. Ya dawo yana ɗingishi, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa. Elihu, ɗan Inna Tirzah maƙwabciyarmu, a hanyar gudu ya mutu cikin dusar ƙanƙara, shi kaɗai kuma gare ta. Saboda haka da aka karanta musu cewa za a kafa wata babbar gwamnati a saman wadda ta kore su, mai ikon sa haraji da tara sojoji, ba a ma daɗe ana muhawara ba. Gari ya ce a'a.

Yaya Jotham ne ya kawo sunan mijina a taron da maza suka yi a coci. Da yamma ya biyo shi gida, na zuba musu kunun masara da madara.

"Na gaya musu," in ji Yaya, "ku tura Asahel. Kalma ɗaya ce za a faɗa, shi kuwa a wuni guda ba ya wuce kalma ɗaya. Ba za ta ɓace masa ba."

"Da kai ka tafi, Yaya. Ka fi ni baki."

"Ni? Da na shiga zauren nan lauyoyin za su fara auna wuyana da ido. Kai dai ka je ka ce a'a, ka dawo. Keziah, ki cika masa jaka da naman gishiri, kada yunwa ta sa ya ci tuwon attajirai."

Muka yi dariya duka. Mijina ya riga ya ɗaga hannu a gaban taron ya yi alkawari zai faɗi abin da gari ya aike shi ya faɗa.

Cikin Janairu ya tafi. Na riƙe gidan niƙa da yara, rafin da ke juya dutsen niƙan ma ya daskare, aikin ba yawa. Aka yi kusan wata ba labari, sai abin da matafiya ke kawowa cewa masu a'a sun fi yawa.

Labarin ya riga shi isowa. Wata safiya ina yankan kabewa Yaya Jotham ya turo ƙofa, bai karkaɗe takalmansa ba, bai kuma zauna ba.

"An karɓa," ya ce. "Da tazara kaɗan."

"To, ai ya yi nasa. Sauran ba a hannunsa yake ba."

"An buga sunayen a jarida, Keziah. Sunan mijinki yana cikin masu i."

Na ce kuskuren masu bugawa ne. Ya dube ni kamar yadda yake dubana muna yara in na faɗi wauta, sannan ya juya ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

Da Asahel ya iso ya rame, gemunsa duk ƙanƙara. Na bari ya ɗaure doki, ya ci abinci, yara suka fita, sannan na tambaye shi.

"Maigida, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Sun ba ka wani abu?"

Ya ajiye cokali. Ban taɓa ganin magana ta yi masa zafi haka ba. "Ke ma?"

"Za a tambaye ni a kasuwa. Gara in ji daga bakinka."

"Ba wanda ya ba ni ko ruwan tuffa. Na je da a'a a bakina, na zauna da ita mako da makonni. Amma kullum ina saurare. Kin tuna sanyin da muka sha a sansani lokacin yaƙi da Ingila? Majalisar ƙasa ta roƙi jihohi garin alkama, kowace ta ce wata ta fara aikowa. Da hannuna na binne mutanen da ba harsashi ya kashe su ba. Har yau a haka muke, kowace jiha da nata kuɗin, da nata shingen. Na ga in muka ƙi, watsewa za mu yi, wata rana 'ya'yanmu su yaƙi 'ya'yan New York. Sannan aka yarda za a nemi a ƙara gyare-gyaren da za su ɗaure hannun gwamnatin. Da aka kira sunana sai na kasa faɗin abin da ban ƙara yarda da shi ba."

"Ai da ka dawo ka gaya musu. Da ka ce su tura wani."

"Na yi tunanin haka. Ƙanƙara ta toshe hanya, ƙuri'a kuma ba za ta jira ni ba." Sannan ya ce, "Wataƙila kuma na ji tsoron za su tura wanin."

Na yarda ba a saye shi ba, amma ban ji sanyi a raina ba, domin ni ma na san ya ɗaga hannu a gaban jama'a.

Ranar Lahadi muka je coci, mutanen da ke zama kusa da mu suka matsa. A bakin ƙofa Inna Tirzah ta tare shi. Ita ta karɓi haihuwar yaranmu duka.

"Asahel, ka dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"An ce sabuwar gwamnatin za ta riƙe sojoji ko ba a yaƙi. Haka ne?"

"Tana da ikon haka, Inna. Amma wakilanmu ne za su..."

"Wancan karon ma wakilanmu ne suka aiko su." Ta gyara mayafinta. "Ni ba a tambaye ni ba, ba ni da ƙuri'a. Na ɗauka taka ce tawa."

Ta wuce. Mijina ya tsaya da hula a hannu har sai da na ja hannun rigarsa.

A taron gari na watan Maris, lokacin da ake tatsar ruwan zaƙi daga itatuwa, ya nemi a ba shi dama ya yi bayani. Na roƙe shi ya bari ƙura ta lafa, ya ƙi. Na bi shi, na tsaya daga baya wajen murhu tare da wasu mata, ba wanda ya kore mu. Ya faɗi abin da ya gaya mini, cikin in'ina, yana murza hularsa. Wasu suka yi ta buga ƙafa a ƙasa. Da ya gama, Yaya Jotham ya miƙe yana dogara sanda.

"Ba zan ce surukina ɓarawo ne ba," in ji shi. "Shekara da shekaru yana niƙa mini hatsi, bai taɓa rage mini ko tafi guda ba. Wataƙila ma yana da gaskiya a kan takardar nan, ni ban sani ba, ba ni da karatun lauyoyi. Tambayata ɗaya ce. Asahel, wa muka aika Boston, bakinmu ko kanka?"

"Mutum kuka aika, Yaya. Da baki kawai kuke so, da takarda ta isa."

"To, ga shi nan kun ji. Wannan da muka sani, wanda ke cin abinci a gidajenmu, wata ɗaya ya yi cikin manya ya dawo ya fi mu sanin abin da ya dace da mu. Ina ga wanda za mu tura majalisar sabuwar gwamnati can nesa shekara shida, wanda bai ma san sunan garinmu ba? Su kuma gyare-gyaren nan, ka miƙa wa mutum wuƙa, sannan ka roƙe shi ya dakushe ta da kansa?"

Mijina ya koma ya zauna. Aka kaɗa ƙuri'a aka cire shi daga cikin dattawan da ke kula da al'amuran gari, aka kuma rubuta cewa Pelbrook ba ta yarda da abin da wakilinta ya yi ba. Fasto Willard da wasu 'yan kaɗan ne ba su ɗaga hannu ba.

Ba wanda ya taɓa mu, ba a fasa mana ko taga ba. Sai dai da rafi ya narke, kekunan hatsi suka riƙa wuce ƙofarmu zuwa gidan niƙan wani gari, duk da nisa da taɓo. Na sha ganin Yaya yana wucewa da nasa buhunan, kansa a juye wajen daji. In na je gidansa yakan karɓe ni, ya ɗauki yarana ya yi musu wasa, amma da na ambaci mijina sai ya tashi ya ce shanu na jiransa.

Da lokacin kaka ya zo, mahaifiyarmu ta rasu. Ana shirin ɗaukar akwatin gawar sai Asahel ya matso ya kama gefe, Yaya ya ɗora hannu a kafaɗarsa, ya ce a hankali, "Bari, mun isa." Mijina ya ja da baya. A ranar na yi wa Yaya maganar da ban taɓa yi masa ba, a bayan rumbu. Na ce uwata ce ni ma, kuma ta so Asahel har ta mutu. Ya saurare ni har na gama.

"Ni na kawo sunansa, Keziah," ya ce. "Ni na ce wa Inna Tirzah ta kwantar da hankalinta. Ki gaya mini da wace fuska zan dube ta in na yafe."

Bazara na zagayowa ya sayar da gonarsa ya kwashe iyalinsa zuwa Vermont, wadda a lokacin ba ta shiga tarayyar ba tukuna. Ya zo ya yi mini sallama a bakin hanya, bai shigo ba.

Bayan 'yan shekaru gyare-gyaren suka tabbata, ba duka waɗanda aka nema ba. Fasto Willard ya karanta su bayan ibada. Wasu daga cikin masu hatsi sun riga sun dawo mana, don nisa ya gajiyar da su, amma ba wanda ya ce wa mijina komai, shi ma bai nema ba. Bai ƙara tsayawa neman wani muƙami ba, in an je taron gari a layin baya yake zama. Na taɓa tambayarsa ko da za a mayar da ranar baya zai sake. Ya ce ƙuri'ar dai ba zai canza ba, sai dai da bai ɗaga hannu ya yi wa gari alkawari ba.

Yaya Jotham ya rasu a Vermont ba mu sake ganawa ba. Wani mai tallan gishiri ne ya kawo mana labarin, an riga an daɗe da binne shi. Asahel ya tsayar da niƙa ranar, ya ɗaura wa doki keke, washegari muka kama hanyar arewa don mu yi wa matarsa ta'aziyya, ba mu san ko za ta buɗe masa ƙofa ba. Ta buɗe, ta ba mu masauki, muka kwana biyu muka juyo gida.