Kakin Zuma a Famfon Injin Radmila

Da safiyar slava, ranar da gidan Stanimir ke bikin waliyyinsu kamar yadda kakanni suka yi, injin wanke-wanke ya ce bai san zancen ba.

Radmila ta loda shi da cokula da tambulan, ta danna. Ya sha ruwa lafiya lau. Daga nan, maimakon ƙarar feshi da ta saba ji, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, jan haske ya hau ƙiftawa, injin ya yi tsit. Ta buɗe, ta tarar da kayan a bushe kamar yadda ta saka su.

A garinsu Topola ba a gayyatar kowa slava, wanda ya taɓa zuwa sau ɗaya ya zama na gida har abada. Kowane baƙo kuma sai an tare shi a ƙofa da dafaffiyar alkama, ya ɗiba da cokali mai tsabta, ya kora da ruwa a tambulan mai tsabta. Cokali ba ya komawa baki biyu. Bara haka ta wuni a ruwan sanyi, har yatsunta masu ciwon sanyi suka kumbura ta kasa ɓalle maɓalli. Ɗanta Predrag ya gani, ya yanke hukunci: in ya sake kama hannunta a ruwan wanke-wanke, baɗi a gidan cin abinci za a yi bikin. Shi ya kawo injin. Gidan cin abinci! A kunna kyandir ɗin kakanni kusa da teburin mashaya. Radmila ta gwammace a kira ta da kowane suna a kan haka.

"Stanimir!"

Mijinta ya leƙo, fuska rabi da kumfar aski.

"Tsohuwa, gobara ce?"

"Gara gobara. Kira mai gyara."

"Yau? Ai shi ma yana cikin baƙinki. Da rana zai zo da kwat da ƙunshin kofi, ba da sukundireba ba. Ki ba abin mari, haka nake wa talabijin."

"Shi ya sa muke kallon labarai mutane duk kore."

Ta tura shi ya ƙarasa askinsa, ta durƙusa. Ita mace ce da ba ta yarda abin da ta ba masauki a kicin ɗinta ya fi ta taurin kai ba. Ta yi tunani tiryan-tiryan. Ruwa yana shiga, to ba famfon bango ba ne. Da ta soke wankin, ruwan ya fita, to mai zubarwa lafiyarsa ƙalau. Ta juya hannayen feshi, suna wulwulawa, ramukansu a buɗe. Saura famfon ciki mai tura ruwan sama. Kuma tunda yana gurnani, wuta tana isa gare shi, yana so ya juya ne wani abu ya riƙe shi.

Ta zare waya daga bango, ta murɗe matatar da ke ƙasa ta ciro. Ta zaci za ta ga ƙwallon zaitun ko guntun gilashi. Ba ko ɗaya. Sai wani abu rawaya-rawaya da ya daskare a jikin ragar, yana kankaruwa da farce. Ta kai hanci.

Zuma.

Ta ɗaga kai a hankali ta dubi tebur. Ga burodin biki, ga alkama, ga mazaunin kyandir na tagulla, gadon kakan Stanimir, wanda kakin zuman kyandir na shekara da shekaru ya lulluɓe har ba a ganin zanensa. Yau yana walƙiya kamar sabo.

"Tsoho, zo nan. Wa ya wanke wancan?"

Stanimir ya buɗe ƙirji. Tun jiya yake jiran a lura.

"Wa kike gani? Kullum kina cewa ba na tsinana komai. Na jefa shi a injin da ruwa mafi zafi, ya fito tas."

"Kakin kuma ina ya tafi?"

Ya dubi injin, ya sosa ƙeya.

"Sannu da aiki, maigida. Tun da muka yi aure ba ka taɓa ɗauraye ko kofi ba, ranar da ka tashi taimako ka zuba wa famfo kyandir. Ɗora babbar tukunya, kuma kada ka ce uffan."

Kakin ya narke jiya, ya gangara cikin famfon, sanyin Janairu ya kama shi ya daskare a jikin farfela. Abin da zafi ya kai, zafi ne zai fito da shi. Ta juye tafasasshen ruwa a ramin matatar, ta jira. Kakin ya taso yana iyo kamar mai a kan miya, ta yaɗe da ludayi, ta tsane sauran da tsumma. Ta sake, ta kuma sakewa. Stanimir yana kai da kawo da tukunya kamar an aiko shi. Ta zura ƙarfen saƙa ta lalubo farfelar ta tura. Ta ƙi. Gwiwoyinta sun yi tsami, yatsu suna zugi, ƙararrawar coci ta fara bugawa, hawaye suka cika mata ido don haushi. Ta ƙara ruwa, ta tura da ƙarfi. Abin ya yi ƙas, ya motsa, ya juya.

Ta mayar da matata, ta jona wuta, ta danna. Ya sha ruwa. Ya yi gurnanin nan. Sai kuma shaaa, ruwa ya hau dukan ƙofar daga ciki.

Radmila ta rangaɗa ihu har karen maƙwabta ya amsa. Stanimir ya rungume ta da tukunya a hannu.

"Mun gyara, tsohuwa!"

"Mun? Allah ya shirye ka."

A haka Predrag ya shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗa. Kafin ya gaishe ta ya kamo hannayenta ya juya. Jajaye, a jiƙe, sun ɗan tasa.

"Mama. Me muka ce?"

"Cewa ka yi wanke-wanke. Ka ga na wanke wani abu? Saurara."

Ya saurara. Injin yana ta aikinsa, kicin ɗin ya cika da ƙamshin zuma. Ya dubi ludayi da ƙarfen saƙa a ƙasa, ya dubi ubansa da ke nazarin silin, ya dubi tagullar da ke ƙyalli. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango.

An ƙwanƙwasa ƙofa, baƙin farko sun iso. Radmila ta kai hannu ga farantin alkama, Predrag ya riga ta ɗauka.

"Zauna ki huta, ni zan tare su," in ji shi. Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Baɗi kuma zan kwana nan tun jajibiri. Baba ba zai sake taɓa wannan tagullar ba."

Radmila ta zauna, ta ɗora hannayen a cinya. Suna mata ciwo sosai, amma daɗi ya hana ta ji.