Sakamakon da Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Shugaban sashen bincike ya dangwarar da rahoton a kan teburina. "Malama, lissafin farko ya nuna horon sana'ar nan yana sama wa matasa aiki. Me ya kai ki sake tonawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin tsarin lissafin nan zatonmu ne, rabi muka bar wa bayanan. Shi ya sa na sa kwamfuta ta riƙa ɗibar wasu daga cikin amsoshin mutanen da muka tambaya, tana mayarwa, tana sake ɗiba. Kowane zubi amsa daban. Wani lokacin ma horon bai tsinana komai ba."

Ya nuna shafin da na rubuta hakan. "Cire wannan shafin."

Na miƙa masa biro. "Fara soke sunana tukuna, yana nan a bangon rahoton."